Tsuntsuwar da Na Kawo wa Baba Dennis

Manchester ta karɓe ni da ruwan sama, kuma ba ta ɗaga ƙafa ba har na bar ta. Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni Salford, da ke maƙale da ita. Na baro matata Rakiya da 'yarmu Ummi a Haɗeja, da alkawarin cewa da zarar na tsaya da ƙafata zan aiko su taho.

Wani ɗan garinmu mai suna Sabo, wanda muka yi ta waya da shi tun ina gida, ya ce ya kama min ɗaki a unguwar Withington. Ɗakin dai akwai shi, ba zan yi masa ƙarya ba. Abin da bai gaya min ba shi ne gadon na mutum biyu ne. Wani bawan Allah mai aikin dare a sito yana kwana a kai da rana, ni kuma da ya fita in hau. Kullum sai in tarar da katifar da sauran ɗuminsa. Da na yi wa Sabo magana sai ya kwashe da dariya.

"Haba Haladu, nan UK ne fa. Kowa manage yake yi. In ba ka so ka faɗa min, akwai mutane a layi."

Daga ranar ya daina ɗaukar wayata.

Sanyin bai dame ni kamar shirun mutanen ba. Ka shiga tram, jirgin ƙasan cikin gari, kafaɗarka na gogar ta wani har ku sauka, ko sannu babu. Na yi ta gaishe da maƙwabcinmu yana kallona kamar zan roƙe shi wani abu, har na gaji na bari. Na yi kewar gida irin wadda ke hana mutum cin abinci. Wani likita ɗan Kano da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, Dakta Nasiru, ya lura da 'yar rigar da nake yawo da ita. Satin da ya zagayo sai ga shi da babbar rigar sanyi a leda, ya ce wai ta yi masa kaɗan. Ni da shi mun san ba ta yi masa kaɗan ba, don ya fi ni ƙanƙantar jiki. Har yau ina sa ta.

Karatu ya ƙare, takardar zamana ta kusa ƙarewa, aikin da na karanta kuma ko amsa ba sa ba ni. Abin da ya samu shi ne aikin kula da tsofaffi a Birmingham. Tsarin a fili yake: kamfanin da ya ɗauke ni shi ke riƙe da takardar zamana. Muddin ina aiki ina nan. Ranar da suka sallame ni, in ban sami wani ya ɗauke ni da wuri ba, sai jirgi, maganar ɗauko Rakiya da Ummi kuma ta mutu.

A unguwar Balsall Heath na sauka, gidan wata dattijuwa 'yar Kumasi, Hajiya Adiza. Hausarsu ta Gana sai da kunnena ya ɗan saba da ita, amma abincinta ban sha wahalar sabawa da shi ba. Ranar da na zo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, ɗana, Manchester ɗin nan ba su da tukunya ne?" Ta cika min kwano da wake da shinkafa da baƙin yajinsu, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Manajar kamfanin ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce mutum ɗaya suke da shi da zai cika min awannin da ake bukata, wani Mista Dennis, kuma ya kori duk waɗanda suka tura masa kafin ni.

"In ya kore ka," in ji ta, "ba ni da inda zan sa ka."

Tsohon makaniken bas ne, ya haura tamanin, matarsa ta rasu. Ƙafafunsa sun yi rauni, sai da sanda. Idonsa kuma tsakiyar ganin ce ta mutu, saura gefe-gefe. In abu ya zo dab da fuskarsa ya karkata kai, yana iya ganinsa. In ya yi nisa kuwa, hazo ne kawai. Ranar farko na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya min gaida manya.

"Wani abu ka yar a ƙasa?" ya tambaye ni.

Na ce gaisuwa ce, Baba. Ya ce shi ba ubana ba ne, in kira shi Dennis. Na gwada, bakina ya ƙi. Yaya zan kira sa'an kakana da gatsal ɗin sunansa? Muka yi ta ja har muka tsaya a Baba Dennis, shi yana tsaki ni ina ci gaba da abina.

Mutum ne mai wuyar sha'ani. Shayi ya yi zafi, shayi ya huce, na ajiye cokali ba a wurinsa ba. Na haɗiye duka, don na san abin da nake tsaro. Haka muka lallaɓa har sanyi ya janye, bishiyoyi suka yi ganye, rana ta fara daɗewa ba ta faɗi ba. Wata Laraba a farkon watan Mayu ya ce in ɗauko jakarsa ta bayan ƙofa, za mu tafki.

Tafkin yana bayan gari, kewaye da dogayen ciyayin ruwa irin na fadamarmu. A bakinsa an yi wani ɗakin katako mai dogayen tagogi ƙanana. Muka shiga muka tarar da manyan mutane da furfurarsu sun jeru a benci, kowa ya kafa madubin hangen nesa a ido, ba mai ko tari. Na raɗa masa, "Baba, me ake jira?" Ya ce tsuntsaye ake kallo.

Na ɗauka wasa yake yi. Ni a fadamar Haɗeja na tashi. Tun ban kai makaranta ba aikina shi ne korar jan-baki daga shinkafar mahaifina, da igiya mai gwangwanaye da danƙo da ihu har murya ta dishe. Wanda ya shiga hannu kuma mu fige shi mu gasa. A sanina tsuntsu ko dai ɓarawo ne ko nama. Ga mutane sun biya kuɗin mota sun zo, ba kora ba kamu, kallo kawai, su koma gida hannu rabbana.

Ya miƙo min madubinsa ya ce, "Me kake gani?"

"Tsuntsu."

"Wane iri?"

"Ƙarami."

Ya ja wani tsaki da sai da na kusa da mu ya waiwayo. Na ce a raina shi ke nan, yau zan bi sahun na baya. Amma sai ya sassauta murya ya ce in fara daga baki: dogo ne ko gajere? Sai ƙafa, sai launin ƙirji, sai abin da tsuntsun yake yi. Na bi a hankali. Kafin in gama sai ya faɗi sunan, ya gyaɗa kai kamar an gaishe shi da wani tsohon aboki. Wasu ma ba ya bukatar bayanina, da kunne yake gane su.

Laraba ta zama ranar tafki. Idon da na horar wurin hango garken jan-baki tun daga nesa ya sami sabon aiki. Na ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar namu na gida. Na ga wata tsuntsuwar ruwa mai tukku tana iyo da 'ya'yanta a gadon baya, sun leƙo da kai daga cikin gashinta. Ban san sanda na ce da Hausa, "Ikon Allah, goyo!" ba. Ya tambaye ni me na ce, na yi masa bayanin yadda Rakiya ke goya Ummi da zani. Ranar ce na fara jin dariyarsa.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da ke ɓuya a cikin ciyayin yana surutu ba tsayawa. Baba Dennis ya ce wannan daga wajenmu ya zo, shi da tsattsewar da ke shawagi a kan ruwan. Wai a Afirka ta Yamma suke cin lokacin sanyi, su ƙetaro hamada da teku su zo nan su yi ƙwai, sannan su koma. Na daɗe ina kallon tsattsewar nan. Kewar gida ta taso min.

A farkon Yuni 'yarsa Susan ta zo. Ita ce ke magana da kamfani, ita ke sa hannu a komai, kuma tun zuwanta take bina da ido kamar mai ƙirga cokula. Baba Dennis ya roƙe ta ta kai shi tuddan kudu, inda ya tashi yana yaro. Ta ce tafiyar ta yi masa nisa. Ya ce to shi da Haladu za su hau jirgin ƙasa. Ranar Asabar muka shiga motarta.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Tuddai ne masu santsin baya, ba dutse ba bishiya, ciyawa gajera kamar an yi mata aski. Inda ƙafa ta taka ta yi hanya, ƙasar fara ce fat kamar alli. Tumaki na kiwo ba makiyayi, ƙananan malam-buɗe-littafi shuɗaye na tashi a gabanmu, iska kuma ba ta hutawa. Na riƙe shi muka hau a hankali, na buɗe masa kujerar naɗewa a gefen hanya.

Sai muka ji waƙar wani tsuntsu. Daga sama take zubowa, siririya, ba numfashi a tsakani. Baba Dennis ya ɗaga fuska.

"Skylark," in ji shi. "Yana ina?"

Na ce yana can sama sosai, ya tsaya wuri ɗaya yana kaɗa fukafukai, bai fi ɗigon tawada ba. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yana neman sa da gefen idonsa. Ya gaji ya sauke kai.

"Da su na tashi," ya ce. "Na manta ma yadda fuskarsu take. Da zan ga ɗaya sau ɗaya tak kafin in mutu."

To, a wajenmu in babba ya yi sha'awar abu a gabanka, aikenka ya yi. Ba ya bukatar ya ce tashi ka je. In kakana ya ce, "Kai, yau da za a sami ɗanyen kifi," ba ka tsayawa tambaya, sai dai a gan ka da kifi. Ban yi shawara da kowa ba, don a ganina ba abin shawara a ciki. Susan na can tana zuba shayi daga fulas. Na ce zan ɗan zaga.

Tun muna hawowa na lura da wata tsuntsuwa irinsa da ta sauka can gefe, ta yi gudu a cikin ciyawa ta ɓace a gindin wani tushe. Wanda ya yi yarinta a fadama ya san ma'anar wannan. Na zagaya ta bayan iska, na cire takalmi, na rarrafa. Tana kwance lamo a cikin wani ɗan rami, ta yarda da launinta. Na cire hulata na kifa mata. Na zura hannu na kamo ta yadda ko gashi ɗaya bai fita ba. A ƙarƙashinta ga ƙwai masu ɗigo-ɗigo, da ɗuminsu.

Na dawo da ita a tafin hannu biyu, zuciyarta na bugawa a yatsuna, ni kuma bakina har kunne. Na durƙusa a gabansa na kai ta dab da fuskarsa.

"Baba, ga ta. Karkata kai ka gani."

Susan ta saki kofin da ke hannunta. Wata mata mai yawo da kare ta tsaya cak, ta zaro waya ta fara ɗaukata hoto tana faɗa, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. A cikin maganarta na tsinci cewa laifi ne a dokar ƙasar a taɓa tsuntsu a kan sheƙarsa, kuma za ta kai rahoto. Na sha jinin jikina.

Shi kuwa Baba Dennis, da ya gane abin da ke hannuna, sai ya runtse ido ya kawar da fuska. Abin da ya ce yana so ya gani kafin ya mutu yana gaban hancinsa, ya ƙi kallo.

"A kan ƙwai ka ɗauko ta?"

Na ce e.

"Macen ce. Mai waƙar yana sama yana kallonka. Mayar da ita. Yanzu."

Ya dogara sanda ya miƙe, ya ce da shi za a je. Ya kama gwiwar hannuna, muka taka har wurin, yana haki. Na buɗe hannu a bakin sheƙar. Maimakon ta kwanta sai ta yi fir, ta bi ƙasa-ƙasa ta ɓace a bayan tudu. Ƙwan suka rage a buɗe, iska na bi ta kansu.

Ya sa na ja kujerarsa baya sosai, inda ba za ta ji tsoronmu ba amma ana iya hango tushen. Susan ta bi matar nan zuwa gangare wurin motoci tana ba ta haƙuri. Kafin ta tafi ta ce min, ba tare da ta ɗaga murya ba, za ta yi magana da kamfani. Muka rage mu biyu. Ya cire madubin daga wuyansa ya dangwara min a hannu.

"Ka sa ido a wurin. In ba ta dawo ba, ƙwan nan sun mutu. In sun mutu, ba na son in sake jin muryarka a gidana."

Na kwanta rub da ciki a kan ciyawa na kafa madubin. Ni da na yi yarintata ina roƙon Allah ya kori tsuntsaye, ga ni ina roƙonsa ya dawo da guda ɗaya. Can ya ce, "Ta dawo?" Na ce tukuna. Gajimare ya rufe rana, iskar ta ƙara sanyi. Ya sake tambaya, na sake cewa tukuna.

A nan ne wani tunani ya zo min, kuma ya zo da ƙarfinsa. Ba mai ganin tushen nan sai ni. Shi ba ya gani, Susan ba ta nan, matar ta tafi. Kalma biyu ce kawai, ta dawo, shi ke nan na tsira da aikina. Na tuna Rakiya da ta riga ta fara tambayata irin kayan sanyin da za ta saya wa Ummi. Na tuna yadda zan sauka a tashar Haɗeja da jaka ɗaya, a tambaye ni me ya faru in ce tsuntsu ne.

Sai ga wata ta sauko, ta dira can hagu da tushen, ta shige ciyawa. Na bi wurin da madubi har idona ya kawo ruwa, ban ga ta fito ba, ban ga ta nufi sheƙar ba. Mai yiwuwa ita ce, mai yiwuwa wata ce daban, don tudun cike yake da su.

"Na ji ka motsa," in ji shi. "Ita ce?"

Na waiwaya. Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajena, baki a ɗan buɗe, yana jira. Duk abin da na faɗa shi zai zama gaskiyarsa har ya mutu. Ba zan cika baki in ce jarumta ce ba, harshena ne kawai ya yi nauyi.

"Wata ta sauka, Baba, amma ba a wurin ba. Ban ga ta shiga ba."

Muka ci gaba da zama har leɓɓansa suka fara rawa don sanyi. Susan ta hawo ta ce ta shawo kan matar, amma dole mu tafi, ba za ta bar shi ya kwanta ciwo ba. Da na ɗaga shi ya tambaye ni na ƙarshe.

"Ban gan ta ba, Baba."

Muka shiga mota muka koma Birmingham.

Hajiya Adiza ta ga na dawo na ƙi abinci, ta tsare ni sai da na faɗa mata.

"Tsuntsu?" ta ce. "Saboda tsuntsu za su cancel maka visa?" Ta fara dariya, da ta dubi fuskata sai ta daina. "To me ya hana ka ce ya dawo? Wa zai sani?"

Na ce ni ma tun a mota nake tambayar kaina. Ta turo min kwanon ta ce in ci, Allah yana nan. Rakiya ta kira ranar Lahadi, na ce mata komai lafiya, network ne ba kyau.

Ranar Litinin kamfani bai kira ba. Tun da ba wanda ya ce kar in je, na sa hulata na hau bas. Susan ce ta buɗe ƙofa. Ta ce ta shirya ƙorafinta tsaf, amma ya hana ta turawa sai ya yi magana da ni. Na same shi a kujerarsa ta bakin taga. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba.

"Me ya sa ba ka ce ta dawo ba?" ya ce. "Da ba zan taɓa sani ba."

"Ban gan ta ba ne, Baba."

Ya daɗe yana murza kan sandarsa.

"Tun da idona ya mutu kowa abin da zai faranta min yake gaya min. Likita, Susan, duk waɗanda aka turo kafin kai. In ce akwai wani abu a kan ruwa, su ce e, kyakkyawa ma kuwa. Na gaji da tsuntsayen da babu su." Ya ɗaga yatsa wajen da yake zaton fuskata take. "Ban yafe maka ƙwan nan ba. Kar ka ɗauka na yafe."

Na ce na ji, Baba. Ni ma har yau ban san ko ta koma ba, kuma abin yana damuna fiye da yadda na zata tsuntsu zai taɓa damuna.

"Susan, bar maganar kamfanin nan," ya ce da ƙarfi don ta ji daga falo. Sannan ya juyo. "Laraba za mu tafki. Ka bar hular nan a gida."

Tun a nan na cire ta na cusa a aljihu. Na shiga kicin na ɗora masa ruwan shayi.